Yadda za ka sa bakteriyar ƙasa ta taya ka yaƙi da tsutsar saiwa a lambu

Shekarar da na fara gane abin nan tumatirin Baba ne ya ƙi, a lambunmu da ke wajen Ajiwa. Ruwa yana sha, mun ba shi kamfa mun bi da yuriya, amma da rana ta take sai ka ga ganye yayi laushi kamar an watsa mashi ruwan zafi, da marece ya ɗan farfaɗo, gobe kuma a sake. Baba yace ƙasar ce ta gaji, maƙwabcinmu yace a ƙara taki, wani ma cewa yayi baki ne ya kama gonar. Ni kuma na kama guda ɗaya na tuge shi, sai ga saiwar duk ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, wani wurin ma ta kumbura ta yi kaurin ɗan yatsa, ƙananan sayun nan masu kamar gashi da suke shan ruwa kuwa kusan babu. Na miƙa ma Baba ya jujjuya ta a hannu yace, "Toh ɗan boko, wannan kuma mi sunanta a littafinku?"

Sunanta nematod. Tsutsa ce siririya da ido ba ya gani, kuma ba tana ba ce, dan mutane da yawa da an ce tsutsar ƙasa sai hankalinsu ya tafi kan tana. Wadda ke kumbura saiwa masana suna kiran jinsinta Meloidogyne, ni dai tsutsar saiwa nake ce mata. Tana son ƙasa mai rairayi da ɗumi, ka ga kenan ƙasar Katsina da Daura kamar dan ita aka yi. Duk mai noman rani a Jibiya ko Zobe ko Sabke ko Daberam, ko cikin gari wajen Ƙofar Marusa, in dai yana maimaita tumatir da kuɓewa wuri ɗaya shekara da shekaru toh ya duba saiwarshi.

Kafin mu shiga aikin sai ka san wa kake faɗa da shi kuma wa ke bayanka, in ba haka ba za ka kashe kuɗi ka kashe sojojinka da hannunka. Nematod ɗin da ke cikin ƙasa ba iri ɗaya ba ne. Yawansu ma ya wuce hankali, wani lissafi da aka fitar a 2019 ya nuna duk mutum ɗaya a duniya akwai nematod kusan biliyan 57 a cikin ƙasa a madadinshi. Mafi yawansu ba ruwansu da shukarka, da yawa daga cikinsu bakteriya suke ci, wato ƙananan halittun nan da ido ba ya gani. Kuma cin nan alheri ne gare ka, dan in sun ci bakteriya suna fitar da ragowar naitirojin a sigar da saiwa za ta iya sha kai tsaye, wato taki suke maka kyauta.

Ɗaya daga cikin masu cin bakteriyar nan ita aka fi nazari a duniya, Caenorhabditis elegans, tsawonta kamar milimita 1, daga ƙwai zuwa balaga kwana uku da ɗan wani abu, ta yi ƙwai kamar 300, ta rayu sati biyu zuwa uku ta mutu. Wadda ake amfani da ita a ɗakunan bincike asalinta daga tarin taki aka samo ta kusa da Biristol a Ingila, kuma aikin da aka yi a kanta ne ya ba Sydney Brenner da abokan aikinshi biyu kyautar Nobel a 2002. Abin da ya ba ni mamaki a labarinta shi ne yadda irin bakteriyar da ta ci ke canza mata rayuwa gaba ɗaya. A ɗakin bincike wata bakteriya mai suna E. coli ake ba ta. In aka canza aka ba ta Bacillus subtilis sai ta fi daɗewa a duniya kuma ta fi jure zafi, ɗaya daga cikin dalilan shi ne bakteriyar tana samar da wata iska mai suna naitirik okisaid wadda tsutsar ba ta iya yin ta da kanta. In kuma aka ba ta wata bakteriyar ƙasa mai suna Comamonas sai ta girma da sauri, ta rage yawan ƙwai, ta mutu da wuri, an gano bitamin B12 da bakteriyar ke yi ne ke hanzarta girman. Wata kuma, Pseudomonas aeruginosa, kashe ta take cikin 'yan kwanaki. In abincin ya ƙare baki ɗaya ƙananan sukan shiga wani hali na likimo, su daina ci su daina girma har wata uku ko huɗu suna jiran sauƙi. Bacillus subtilis ɗin nan fa ba baƙuwa ba ce a gidanku, ita ce ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa.

Amma a nan ne mutane ke ruɗewa, har da wasu da suka yi karatun. Tsutsar saiwa ba ta cin bakteriya. Bakinta wani ɗan tsinke ne kamar allura da take huda saiwa da shi ta tsotsa, bakteriya ba ta wucewa ta ciki. Dan haka ba ta ciki ake kama ta ba, ta waje ake bi. Rayuwarta haka take: ƙwai ya ƙyanƙyashe, ƙaramar ta fito, ba ta kai rabin milimita ba, ta bi danshin ƙasa tana bin ƙamshin saiwa har ta samu bakin saiwa ta shige, ta zauna wuri ɗaya ta sa naman saiwar ya kumbura ya zama mata rumbu, macen ta yi ƙiba ta zama kamar ɗan mitsitsin tulu, ta zubo ƙwai ɗaruruwa cikin wani abu mai yauƙi a bayan saiwar. Da ɗumi irin namu sati uku zuwa huɗu an gama zagaye ɗaya. Da ta shige saiwa kusan ta tsira. Wurin da take da rauni biyu ne, lokacin tana ƙwai da lokacin da take yawo cikin ƙasa tana neman ƙofa, kuma duk wuraren biyu cikin bakteriya take tsundum. Wasu suna narkar da ɓawon ƙwan, wasu suna fitar da guba da ke shanye mata jiki, wasu suna mamaye fatar saiwa su ɓata ƙamshin da take bi, wasu kuma zaburar da shukar suke ta tashi ta kare kanta. Akwai ma Pasteuria penetrans wadda ba ta da wata sana'a sai wannan, ƙwayoyinta su manne a fatar ƙaramar, su bi ta har cikin saiwa, su tsiro cikin jikinta, macen ta girma amma maimakon ƙwai cikinta ya cika da ƙwayoyin bakteriya. Aikinka a matsayin manomi shi ne ka cika ƙasar da irin waɗannan kafin tsutsar ta iso.

Toh mu je ga aikin.

Fara da tabbatar da cewa ita ce. Kada ka tuge shuka da ƙarfi kamar yadda na yi, saiwar tsinkewa take. Ka sa kwasa ka haƙo da ƙasarta, ka ɗauki biyar ko shida daga wurin da ya fi lalacewa da kuma biyu daga wurin da ke da kyau, ka wanke a bokiti a hankali. Ciwon nan ba ya kama gona bai ɗaya, tsibi-tsibi yake yi, nan shuka ta tsumbure can kuma lafiya lau, kuma sau da yawa zaka ga yana bin hanyar ruwa. In wake ko gyaɗa ka haƙo ka yi hattara sosai, dan su ma suna da ƙulli a saiwa amma na alheri, na bakteriyar rizobiyom da ke jawo naitirojin daga iska. Bambancin ba wuya. Na alherin a gefen saiwa yake maƙale kamar ƙwayar gero ko dawa, da ka murza da yatsa ya ɓalle, in ka fasa shi da farce cikinshi ja-ja ne kamar nama. Na tsutsa kuwa jikin saiwar ne da kanta ya kumbura, ba ya ɓallewa sai dai ka karya saiwar, cikinshi fari, in idonka na da kyau ma ka tsaga da allura kana iya ganin macen kamar ɗan farin ɗigo mai sheƙi. Na taɓa ganin wani dattijo ya tuge wakenshi mai lafiya yana ta salati wai ciwo ya shiga, alhali arzikinshi ne yake kallo.

In gonar babu shuka a ciki, misali aro aka ba ka ko haya za ka kama, akwai gwaji mai arha. Ɗebo ƙasa daga wurare goma, zurfin kamar taƙi ɗaya, ka gauraya, ka cika tsofaffin robobi uku da aka huda ƙasansu, ka shuka kuɓewa ko tumatir ka riƙa ba su ruwa. Bayan sati biyar ko shida ka zazzage ka duba saiwa. Kuɓewa ba ta ɓoye sirri, in akwai za ta nuna. Mai ɗa ko ƙane a makarantar da ke da madubin ƙara girma kuma zai iya ganin tsutsotsin da idonshi: shimfiɗa tishu cikin rariya, zuba ƙasa cikin hannu ɗaya a baje, ɗora rariyar bisa faranti mai ruwa yadda ruwan zai taɓa ƙasar daga ƙasa kawai ba ya shanye ta ba, a bari kwana ɗaya zuwa biyu. Da kansu za su ratsa tishun su gangaro cikin ruwan. Masu wutsil-wutsil da sauri galibi masu cin bakteriya ne, naka ne. Masu cin saiwa sun fi nawa, kuma in madubin na da ƙarfi ana hango tsinken a bakinsu.

Da ka tabbatar, abu na gaba tsafta ce, kuma nan ne muka fi sakaci. An gama tsinkar tumatir sai a bar kututturan a gona har su bushe da kansu, ko a saki awaki su cinye ganyen a bar saiwa a ƙasa, tsutsa kuwa tana can tana ƙara zagaye ɗaya ko biyu a ɓagas. Ranar da ka yi tsinkar ƙarshe ka haƙe su da saiwarsu, ka tara a gefe su bushe ka ƙone. Kada ka sa su cikin tarin taki. Sannan a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ka kafce ƙasar ka bar ta a buɗe, bayan sati biyu ka sake juyawa, rana da bushewa suna kashe da yawa daga ƙananan da ƙwai da suka fito sama. Fangalin da ya fi muni kuma in kana da hali ka yi mashi turaren rana: ka jiƙa shi sharkaf, ka rufe da farar leda mai nuna ciki, ba baƙa ba, ka binne gefunan da ƙasa kada iska ta shiga, ka bari sati huɗu zuwa shida. Ledar da tsada shi ya sa ban ce ka yi ma gona duka ba.

Sai dai ka sani wuta ba ta zaɓe. Zafin da ya kashe tsutsa ya rage bakteriyar kirki ma, duk da cewa dangin Bacillus suna da dabarar dunƙulewa su zama ƙwaya mai tauri su jure. Ƙasar da aka gasa kamar gidan da aka share aka bar ƙofa buɗe ce, wanda ya riga shiga shi ke da ɗaki. Shi ya sa mataki na gaba shi ne zuciyar aikin, kuma shi ya fi cin lokaci: takin da ya ruɓe.

Ba kashin shanu da aka kwaso daga garke aka watsa ba fa, wannan rana ce ke cinye rabinshi. Ka nemi inuwa, ƙarƙashin bedi ko mangwaro, ka haƙa rami mai zurfin gwiwa ko ka tara a sama in wurin na riƙe ruwa. Ƙasan farko karan gero ko na dawa da aka daddatsa, sai ɗanyen ganye ko ciyawa ko ragowar kayan lambu marasa ciwo, sai kashin awaki ko na shanu ko na kaji, ka barbaɗa toka kaɗan, kaɗan fa, sai 'yar ƙasa cikin shebur ɗaya daga wurin da shuka ke yin kyau ko daga gindin tsohuwar bishiya, wannan ita ce irin bakteriyarka kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo cikin sabuwar madara. Ka yayyafa ruwa, ka sake jerawa haka har tarin ya kai ƙugu ko ƙirji. Ruwan shi ne inda aka fi kuskure. Ka damƙi takin a hannu ka matse, in ruwa ya zubo yayi yawa, in ya warwatse da ka buɗe hannu yayi kaɗan, so ake ya dunƙule ya bar maka danshi a tafi. Ka rufe da tsohon buhu ko zana, ka soka doguwar sanda a tsakiya ka bar ta. Bayan kwana uku ko huɗu ka zaro sandar ka taɓa, in ta yi zafi har ka ji a hannu aiki ya kankama, tsakiyar tari mai kyau yakan kai digiri 55 zuwa 65, kuma zafin nan ne ke kashe irin ciyawa. In sandar ta fito da sanyi toh ko ruwa yayi kaɗan ko kashin dabbobin bai isa ba. In ta fito tana wari kamar masai ruwa ya yi yawa iska ba ta shiga, juya shi ka ƙara kara. Duk sati biyu ka juya, na waje ya koma ciki, ka ɗan ƙara ruwa dan iskar hunturu tana busar da shi ba ka sani ba. Wata biyu zuwa uku ya nuna.

Yadda za ka gane ya nuna, hancinka ne alƙali. Zai yi baƙi-baƙi, ya yi laushi, ba ka gane wannan kara ne wannan kashi ne, kuma zai riƙa ƙamshin nan na ƙasa ranar ruwan farko. Ƙamshin nan ba na ruwa ba ne, wasu bakteriyar ƙasa ne da ake kira Streptomyces ke yin shi. Kuma dangin nan ba ƙananan abokan gabar tsutsa ba ne. Allurar aibamektin da makiyaya ke saye a kasuwar Mai'aduwa da Charanci suna yi ma shanu da tumaki dan tsutsar ciki, asalinta daga Streptomyces avermitilis aka samo ta, wadda Satoshi Omura ya tsinto cikin ƙasar Japan, shi da William Campbell suka samu Nobel a 2015 a kan haka, kuma maganin ne dai ake rabawa da sunan Mectizan dan cutar makanta ta bakin kogi. Ban ce ka je ka zuba allurar shanu a fangali ba, dan Allah kada ka yi. Ina nuna maka ne cewa faɗan bakteriya da tsutsa ya girmi kakanninmu.

Zubawa kuma, ni ina sa kamar bokitin fenti ɗaya a fangali mai taku uku da biyu, in cakuɗa da ƙasar sama zurfin taƙi guda, in ba shi ruwa, sati biyu kafin dashe. Kada ka bar shi a sama rana ta gasa, kuma kada ka bar fangalin ya bushe ƙayau a sati biyun nan, bakteriya ba ta aiki a busasshiyar ƙasa. Mai 'ya'yan bedi ya daka su, ko ya samu tunkuzar da ta rage bayan an matse mai, ya sa cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane taku, shi ma sati biyu kafin dashe, yana rage tsutsar kuma abinci ne ga ƙasar. Wani abin da mutane ke zubarwa kuma shi ne ƙafafu da fukafukan fara wajen masu suya, da ɓawon kirefish. Sinadarin da ke sa ɓawonsu tauri, kaitin, akwai irinshi a ɓawon ƙwan tsutsar, in ka daka ka sa cikin taki bakteriyar da ke cin kaitin ne za su yi yawa, su kuma ba su bambance na fara da na ƙwai.

Kashin kaji ɗanye yana da ƙarfi, yana fitar da amoniya da ke kashe tsutsa, amma yana ƙone dashe. Wannan da kaina na koya. Na samo buhu huɗu daga wani gidan kaji, na zuba na cakuɗa, zumuɗi ya hana ni jira, kwana uku na dasa tattasai. Cikin sati fangali shida suka yi ƙurmus. Baba bai ce mani komai ba, sai da muna komawa gida bisa mashin yace, "Malam, littafin bai faɗi kwana nawa ake jira ba ne, ko shafin ne ya yage?" Sati uku ake jira, ana ba shi ruwa.

Sai wurin reno. Da yawa daga masu kuka da tsutsar saiwa da hannunsu suka kai ta gona a jikin dashe, ko na su ko wanda suka sayo a ɗaure a kasuwa. In za ka sayi dashe ka wanke saiwar guda biyar ka duba kafin ka biya, in ka ga ko ɗan ƙulli ɗaya ka bar mashi kayanshi. Naka renon kuma kada ka yi shi inda aka taɓa tumatir ko kuɓewa ko gauta. In ba ka da wani wurin ka turara ƙasar: rabin duro, ruwa kaɗan a ƙasa, ka jera duwatsu ko itace ka ɗora ƙasar cikin buhu a sama, ka rufe ka hura wuta, daga lokacin da tururi ya ratsa ta ka ƙirga minti 30. In ta huce ka haɗa kashi uku na ƙasar da kashi ɗaya na takin da ya nuna, ka bar ta kwana biyar zuwa sati da ɗan danshi kafin ka zuba iri. Hikimar ita ce saiwa tun tana jaririya ta fito ta tarar da bakteriyar kirki sun lulluɓe ta, da su za ta tafi gona, kuma satuttukan farko bayan dashe su ne masu haɗari, shukar da ta wuce wata ɗaya ba a huda ta sosai ba ko an kama ta daga baya tana iya ba ka 'ya'ya.

Yanzu maganar bakteriyar kwalba, dan na san za a tambaya. Akwai su, ana yin su da Bacillus subtilis ko Bacillus firmus ko Pseudomonas fluorescens, wasu kuma ba bakteriya ba ne dangin funfuna ne kamar Trichoderma. Suna aiki in suna da rai, kuma nan matsalar take, abu ne mai rai ba gishiri ba. Na taɓa sayen wani a wani shago, ashe ya shekara a kan kanta yana shan rana ta taga, kwanan watan ma an goge, kuɗina suka tafi a banza. Ka duba lambar NAFDAC, ka duba ranar lalacewa, ka duba an rubuta sunan ƙwayar da ke ciki, in ba a rubuta ba ka aje. Gara ka fara tambayar malamin gona na KTARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina, da ke yankinku. In ka samu mai kyau ka bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, ka dama da ruwan rijiya ko na dam, in na famfo ne mai kulorin ka bar shi ya kwana a buɗe. Ka tsoma saiwar dashen a ciki minti 15 zuwa 30 a inuwa, ka dasa da marece, ragowar ruwan ka zuba a gindinsu. Kada ka dama a cikin famfon feshin da ka yi maganin ciyawa da shi, kada ka haɗa da maganin funfuna mai jan ƙarfe. Kuma a ganina in ƙasarka rairayi ce fara fat babu taki, kada ma ka saya, baƙin da ka kawo gidan da ba a ɗora tukunya ba kwana nawa za su yi. Daddawa kuma, tunda na ambace ta, a bar ta a miya, ba kowane irin Bacillus ke aikin saiwa ba.

Furadan fa? Na san wasu har yanzu suna barbaɗa shi a gindin tumatir. Guba ce mai tsanani ga mutum da kaji da tsuntsaye, Amurka da ƙasashen Turai sun hana amfani da shi a kan abinci, kuma yana kashe masu cin bakteriyar nan da ke maka taki tare da mugayen. Ni ba na sa shi inda yara ke tsinkar tumatir suna ci a tsaye.

Duk wannan wahalar kuma za ta tashi a banza in ka koma ka dasa tumatir bayan tumatir. Tumatir, tattasai, attaruhu, gauta, kuɓewa, karas, kankana, duk teburinta ne, canza ɗaya da ɗaya ba canji ba ne. Ka raba lambun kashi uku a ranka. Inda aka yi tumatir bana, da damina a sa gero ko dawa, rani mai zuwa albasa ko alkama ko masara, sannan a dawo. Gyaɗa ma tana taimakawa dan manyan nau'o'in tsutsar saiwa guda biyu da suka fi yawa a ƙasashe masu zafi ba su cika hayayyafa a kanta ba, riɗi ma haka. Wake kam ka yi hankali, iri da yawa suna ɗaukar ta. Ƙaramar da ta ƙyanƙyashe ba ta samu saiwar da ta dace ba kitsen jikinta take ci, yana ƙarewa ta mutu, kuma duk kwanan da ta ƙara tana gararamba a ƙasa mai taki dama ce ga bakteriya. Ciyawa ma a cire, dan wasu ciyayin suna riƙe mata wuri. Ban ruwa kuma ka fara da fangali masu lafiya ka ƙare da masu ciwo, kada ruwan da ya ratsa mai ciwo ya wuce zuwa mai lafiya, kwasa da takalmi a kakkaɓe a wanke.

Abu ɗaya da nake roƙon duk wanda zai gwada, ka bar fangali biyu yadda ka saba yi ba tare da ka sa masu komai sabo ba, iri ɗaya, ranar dashe ɗaya, ruwa ɗaya, ka kafa sanda ka ɗaura tsumma dan kada ka manta. Ƙarshen kaka ka haƙo shuka goma nan goma can ka wanke ka jera bisa buhu, ka ba kowace maki, sifili in saiwar fes take, biyar in ta zama carbi gaba ɗaya, ka rubuta a littafi tare da kwandunan da kowane ɓangare ya bayar. Shekarar farko kada ka sa ran ƙullin zai ɓace, ba ya ɓacewa, abin da za ka fara gani shi ne fararen ƙananan sayu sun yi yawa a tsakanin ƙullin kuma shukar ta daina yin laushi da azahar. Mu sai a rani na biyu bambancin ya fito yadda ba sai an yi gardama ba. Yanzu Baba da kanshi ke zaro sandar tarin takin da safe ya taɓa, in ya ji ta da sanyi tun daga bakin lambu zan jiyo shi yana ƙwala mani kira in kawo bokiti.